Hanyar Da Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Bi Ya Sami Kwangilar Gwamnati

Ba abin da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a suka fi kuka da shi kamar maganar kwangila. Kafinta yakan ga an sauke bencina daga wani gari mai nisa an zuba a makarantar garinsu, alhali kuwa shagonsa yana duban ƙofar makarantar. Tela yakan ga an ɗinko tufafin ma'aikatan asibiti ba wanda ya ko tambaye shi nawa zai yi. Sai su kaɗa kai su ce ai wannan rabon mai uwa a gindin murhu ne.

Ba mu musun cewa akwai son kai a cikin sha'anin kwangila, kowa ya san da shi. Amma da yawa daga cikin masu wannan kuka ba su taɓa jefa takarda a akwatin tanda ba, waɗansu kuwa da suka jefa an fid da su tun kafin a dubi kuɗin da suka yanka, saboda rashin wata takarda guda. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayanin yadda abin yake, musamman ga akawuna da malaman makaranta, domin ku ne ake kawo wa takarda a ce ku karanta, ku ne kuma ake roƙo ku cika fom.

Dokar Da Ake Bi

A zamanin En'e, kafin a sake tsarin ƙananan hukumomi a 1976, aikin gina aji ko kawo abincin gidan yari yakan tsaya tsakanin ɗan kwangila da ofishin da ya san shi. Yanzu akwai doka a rubuce. A shekarar 2007 Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayayya da Ba da Kwangila ta Gwamnatin Tarayya, ita ce ta kafa hukumar da ake kira BPP don ta riƙa sa ido a kan yadda ma'aikatu ke ba da aiki. Jihohi kuma sun yi nasu dokokin a kan wannan tafarki. Kaduna ta kafa tata hukumar a 2016, Jigawa ma tana da ofishin tantance kwangila. Bayanin da za mu yi a nan na dokar Tarayya ne, wanda ke neman aikin jiha ko ƙaramar hukuma sai ya nemi dokar jiharsa ya gwama, domin akwai 'yan bambance-bambance.

Ginshiƙin dokar shi ne a yi shela, kowa ya yi tayi, sa'an nan a ba wanda ya fi sauƙin kuɗi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. A lura da wannan magana ta ƙarshe. Wanda bai cika sharaɗi ba, ko da kyauta ya ce zai yi aikin, ba a lissafa shi cikin masu tayi.

Ana buga shelar a manyan jaridun ƙasa, da jaridar tanda ta Gwamnatin Tarayya, da allon sanarwa na ma'aikatar, da shafinta na intanet. Wa'adin da ake bayarwa ɗan kaɗan ne, yawanci mako huɗu zuwa shida. Wanda ya jira sai ya ga shela sa'an nan ya tashi neman takardu, lalle wa'adi zai cika yana bin ofisoshi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardun Da Za A Tanada

Ta farko ita ce takardar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Gwamnati ba ta ƙulla kwangila da sunan da ba ya cikin littafinta. Dā sai mutum biyu ko fiye suke kafa kamfani, amma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Bayan rajista kuma akwai bayanin da ake kai wa hukumar kowace shekara, wanda ya bari ya taru zai biya tara.

Ta biyu ita ce shaidar haraji ta shekara uku da suka wuce. A nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin kamfani daga kan kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sai waɗansu suka ɗauka ba su da sauran magana da ofishin haraji. Ba haka ba ne. An sake dokokin haraji a 2025, amma har yanzu wajibi ne kowane kamfani ya kai lissafinsa ko da ba abin da zai biya, kuma wanda ya kai lissafi shi ake ba takardar shaida.

Sa'an nan akwai shaidar hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata wanda ake kira ITF, da ta asusun diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, watau NSITF. Waɗansunsu ba su hau kan mai ma'aikata kaɗan ba, shelar kanta takan faɗi wanda suka shafa. Akwai kuma shaidar shiga rajistar 'yan kwangila ta BPP, da lissafin kamfani na shekara uku wanda odita ya duba, da wasiƙar banki mai nuna cewa mutum yana da ƙarfin yin aikin. Daga ƙarshe akwai rantsuwa a kotu, inda mai tayi zai bayyana ko akwai wani ma'aikacin ofishin da ke da hannu a kamfaninsa, ya kuma tabbatar cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne.

Yawancin waɗannan takardu suna mutuwa ran 31 ga watan Disamba. Saboda haka mai hankali yakan fara sabunta su tun farkon shekara, ya ajiye su a fayil guda tare da kofinsu.

A Fara Da Ƙarami

Akan nemi mai tayi ya nuna ya taɓa yin aiki irin wannan, yawanci uku a cikin shekara biyar. To, sabon shiga ina zai samo su? Akwai ƙofofi. Ƙananan sayayya, kamar takardun ofis da gyaran ƙofofi da fentin aji, ba a yi musu babbar shela, dokar ta yarda ofis ya nemi farashi daga mutum uku waɗanda ba su da dangantaka da juna ya zaɓi mai sauƙi. Wanda ya kai takardunsa ga ofishin sayayya na ma'aikata, ya sa aka san da shi, shi ake tunawa in irin wannan ya taso.

Wata ƙofa ita ce yin aiki a ƙarƙashin babban ɗan kwangila, kamar a karɓi aikin rufi ko na tagogi. Wata kuma ita ce masu sana'a biyu ko uku su haɗa gwiwa su yi tayi ɗaya da yarjejeniya a rubuce, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace aka bi, kada a bar wurin aiki sai an karɓi takardar ba da aikin da takardar shaidar gamawa, a kuma ɗauki hoto. Aikin da aka yi wa makarantar kuɗi ko wani kamfani shi ma yana iya zama shaida in akwai takardarsa.

Masu sana'ar hannu suna da wata gata da ba kowa ya san da ita ba. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ba da umurni cewa a cikin abin da ma'aikatun Tarayya ke kashewa wajen sayen tufafin ma'aikata, da takalma, da abinci, da kujeru da tebura, da kayan rubutu, da magunguna, da kayan gini, a ƙalla kashi 40 cikin 100 ya zama na kayan da aka yi a Nijeriya. Kafinta da tela da baduku su ne aka nufa da wannan. Sai su rubuta a fili cikin tayinsu cewa kayan nan a gida aka yi su, su faɗi inda ma'aikatarsu take.

Yanka Farashi

Bari mu yi misali. A ce wata kwalejin Gwamnatin Tarayya tana neman benci 200. Kafinta ya lissafa katako da ƙarfe da ƙusa da fenti da ladan yaransa, kowane benci ya tsaya masa naira 30,000, jimla naira 6,000,000. Ya ƙara kuɗin mota da na dako, da kuɗin ruwa in rance zai ci, da ribarsa, a ce duka ya kai naira 7,000,000. A bisan wannan sai ya ɗora harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100, watau naira 525,000. Tayinsa ya zama naira 7,525,000. Wannan 525,000 ba tasa ba ce, ta gwamnati ce, kuma akwai wani haraji da ake cirewa tun a ofis kafin a biya shi. Wanda ya mance da waɗannan zai ga kuɗin da suka shigo masa sun gaza abin da ya zata, ribar duk ta tafi.

Sai a yi hattara da karya farashi don kwaɗayin cin tanda. Tsakanin ranar tayi da ranar biya akan yi watanni, katako da siminti kuwa ba sa jiran kowa. Wanda ya yanka ƙasa da abin da aikin zai ci, ɗayan biyu ne, ko ya yi ha'inci a kayan, ko ya gudu ya bar aikin, kowanne kuwa ƙarshen sunansa ke nan a wannan ofis. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A san kuma cewa cin tanda yana bukatar jari. A manyan ayyuka akan nemi jinginar banki tare da tayi, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin tayin ba. In an ci, akan nemi lamunin cewa za a gama aikin, a ƙalla kashi 10 cikin 100. Kuɗin kafin alƙalami dā kashi 15 ne, gyaran dokar da aka yi a 2020 ya kai shi har kashi 30 ga 'yan kwangilar gida, amma ba a ba da shi sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora, kuma ba dole ne kowane ofis ya bayar ba. Sauran kuɗin sai an yi aiki an duba. Dokar ta ce in an wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an kai takardar neman biya, an shiga jinkiri, kuma akwai kuɗin ruwa a kan ofishin. Duk da haka jinkirin biya abu ne sananne, wanda ba zai iya haƙurin watanni ba kada ya zuba dukan jarinsa a aiki ɗaya.

Ranar Jefa Takarda

Yawanci ambulan biyu ake nema, ɗaya na takardun shaida da bayanin yadda za a yi aikin, ɗaya na kuɗi, kowanne a liƙe, sa'an nan a sa su cikin babban ambulan a rubuta sunan aikin da lambarsa. Ana fara buɗe na shaida, wanda ya faɗi a nan ba a buɗe nasa na kuɗi. Kuskuren lissafi ana iya gyara shi a sanar da mai tayi. Amma tayin da ba a sa masa hannu ba, da wanda aka kai wani wuri dabam, da wanda ya zo bayan lokaci ko da da minti kaɗan ne, waɗannan dokar ta ce a ƙi su. In an ce ƙarfe 12 na rana, a je tun da hantsi, a sa hannu a littafin karɓa.

Ana buɗe akwatin a bainar jama'a, a karanta sunan kowane mai tayi da kuɗinsa da ƙarfi, a gaban masu tayin da 'yan kallo daga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. Muna ba da shawara ko wanda bai yi tayi ba ya riƙa halarta da alƙalaminsa, domin a nan zai ji yadda abokan sana'arsa ke yanka farashi.

Wanda bai ci ba yana da ikon ya rubuta ya nemi a gaya masa dalili. In ya ga an yi masa ba daidai ba, sai ya kai ƙara a rubuce ga shugaban ofishin cikin kwana 15 na aiki, shi kuma ya amsa cikin kwana 15 na aiki. In bai gamsu ba ya wuce BPP cikin kwana 10 na aiki, daga nan kuma akwai Babbar Kotun Tarayya. Ƙorafin bakin kasuwa ba ya cikin wannan lissafi, sai abin da aka rubuta aka kai cikin wa'adi.

Gargaɗi

Takardar jabu, da haɗa baki da sauran masu tayi, da ba da toshi, duk laifi ne mai nauyi. Mutum yana iya shan ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Kamfani kuwa a hana shi kwangila a ƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Ma'aikacin da aka kama da hannu a ciki ɗaurin shekara 5 ne mafi ƙanƙanta, tare da kora. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Saboda haka akawu ya taimaki ɗan'uwansa da karatu da bayani, amma kada ya ɓoya a bayan kamfanin ƙanensa ya nemi aikin ofishinsu.

Ga malaman makaranta kuwa, ku ne za ku zauna da bencin da aka kawo da ajin da aka gina, ku ne kuma sau da yawa ake miƙa wa takarda ku sa hannu cewa kaya sun iso. Ku ƙidaya, ku duba, kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba. In kuma akwai kafinta ko magini a garinku wanda kuka san aikinsa yana da kyau, ku karanta masa wannan bayani, ku taimake shi ya fara haɗa fayil ɗinsa tun yanzu, kafin shela ta gaba ta fito.