Mai gadin zaure: yadda ake tsare shafin mai kula da uwar garken hira

Jama'a, daga Diffa zuwa Gueskerou, Bosso da Maine-Soroa, da WhatsApp yawancinmu ke gaisawa da ƴan uwa na Maiduguri, Yamai ko Libiya. Amma ƙungiya, misali ta manoman tattasai na bakin Komadugu, tana iya kafa tata uwar garken hira, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana raba su. Akwai manhaja kyauta don haka, irin su ejabberd, wadda a kanta aka fara gina WhatsApp ɗin ma.

To, ina matsalar take? Irin wannan uwar garke tana da shafin mai kula. Duk wanda ya shiga wannan shafi zai ga sunayen mambobi da waɗanda ke kan layi, yana iya canza wa mutum kalmar sirri ko ya goge shi. A ejabberd, ƙofa mai lamba 5280 ce aka saba buɗe shafin a kanta, kuma ɓarayin intanet sun san lambar. A jihar da aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, inda ake sace mutane don kuɗin fansa, jerin sunayen ƴan kasuwa ba abin bari a fili ba ne.

Maganin shi ne abin da masana ke kira ribas furoksi. Aikinsa kamar na mai gadin zaure ne: baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye, sai ya tsaya ya yi sallama. Ana toshe ƙofar 5280 daga waje, a sa manhaja irin Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004, ta tsaya a ƙofa 443. Ita ke karɓar kowane baƙo, ta rufe maganar da ke tsakani yadda ɗan leƙen asiri ba zai karanta ba. Mai son hira ta miƙa shi ciki, mai neman shafin kula kuwa sai in daga adireshin da aka yarda da shi ya fito. Takardar shaidar rufe maganar ma kyauta ake samunta daga Let's Encrypt.

Sai dai mai gadi ba ya hana ɓarna idan kalmar sirrin ita ce 1234. Don haka ƴan uwa na waje masu biyan kuɗin uwar garke, ku tambayi wanda ya haɗa muku: an toshe ƙofar baya? Su wa ke iya buɗe shafin kula? Allah ya tsare mu.