Inshorar Haƙori: Ire-irenta Da Abin Dubawa Kafin A Shiga

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, gama wurinsu talakawa da ƙananan ma'aikata su kan kawo tambaya duk sa'ad da wani sabon abu ya shigo ƙasa. Maganar inshorar lafiya kuwa ta shigo, tun da aka sa hannu a dokar 2022 wadda ta wajabta ta a kan mazauna Nijeriya. Sashen haƙori shi ne wanda ya kan rikita mutane. Mutum ya shekara ana yankar albashinsa, ran da matauninsa ya hana shi barci ya tafi asibiti, a ce masa wannan aiki ba ya cikin takardarsa. Sai ya komo yana cewa an cuce shi, alhali sau da yawa takardar ce ba a karanta masa ba.

Inshora ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa yana ɗauka bi da bi, a nan kuwa wanda abu ya sama shi ke ɗauka. Wannan dabara ta dace da gobara, domin cikin gidaje dubu kaɗan ne za su ƙone a shekara. Haƙori dabam ne. Kusan kowa zai bukaci likitansa wata rana, kuma ciwon yana yarda a jinkirta shi. Da an bar ƙofa a buɗe, da mutum sai ya jira bakinsa ya lalace, ya shiga, a gyara masa, ya fita, ya bar sauran jama'a da biya. Saboda haka aka kewaye inshorar haƙori da sharuɗɗa fiye da sauran.

Ko gwamnatoci ba su sami abin da sauƙi ba. A 1948 Ingila ta buɗe aikin lafiya kyauta ga kowa, har da haƙori. Jama'a suka yi ca a kan haƙoran roba, kuɗi suka yi ta zuba, sai a 1951 aka sa musu farashi. A kan wannan ne Aneurin Bevan, wanda ya kafa aikin, ya yi murabus daga majalisar ministoci. A Amurka kuma, tsarin Medicare da aka kafa wa tsofaffi a 1965 bai ɗauki gyaran haƙori na yau da kullum ba.

A Amurka ɗin ne inshorar haƙori ta yi girma. Ta faro a 1954, sa'ad da ƙungiyar ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gaɓar yamma ta nemi a riƙa duba haƙoran 'ya'yan mambobinta. Yau iri uku ne manya a can, kuma ya kamata a san su, domin kamfanoninmu irin waɗannan hanyoyi su ke bi.

Na fari shi ne ka biya a rama maka. Ka tafi wurin likitan da ka ga dama, ka biya, ka kai rasit, kamfani ya mayar maka da wani kaso. Amma a lura, ba bisa abin da likitan ya karɓa a ke lissafin ba, bisa farashin da kamfanin ya ga ya dace ne. Abin da ya haura, naka ne. Wannan iri ya fi tsada, ya kuma ragu ƙwarai.

Na biyu, wanda a takardu a kan rubuta PPO, shi ya fi yawa a Amurka. Kamfani ya kan ƙulla yarjejeniya da likitoci masu yawa a kan su rage farashi, ya ba ka jerin sunayensu. In ka je wurin na cikin jerin, ka sami rangwame. In ka je wurin wani ma za a biya, amma kasonka zai ƙaru. A bisa al'ada ayyukan kashi uku ne. Dubawa da wankin haƙori da ɗaukar hoto, kamfani ya biya duka. Ciko da cirewa, ya biya 80 cikin 100. Manyan ayyuka, kamar sa wa haƙori hula ko yin na roba, ya biya rabi. Ba alheri ne ya sa a ke biyan na farkon duka ba. Wanke haƙori ya fi gyara ruɓaɓɓe araha.

Na uku shi ne na likita guda, watau HMO. Ka zaɓi likita ɗaya, kamfani ya riƙa biyansa kowane wata bisa yawan kawunan da aka rubuta masa, ko sun zo ko ba su zo ba. Ya fi sauran araha, kuma galibi ba shi da iyakar kuɗi ta shekara. Amma ba a zuwa wurin ƙwararre sai da takardar likitanka, in kuwa ka je wani wuri da kanka babu mai biya. Aibinsa a fili ya ke: likitan da a ke biya bisa kai, ribarsa tana ƙaruwa ne in mutane ba su zo ba.

Akwai kuma katin rangwame, wanda wasu ke ɗauka inshora ce. Ba ita ba ce. Ka sayi kati, likita ya rage maka farashi, sauran duka daga aljihunka.

To, ga sharuɗɗan da su ka fi cizo. Akwai kuɗin share fage, wanda mai ciwo zai fara biya kafin kamfani ya sa hannu. Akwai lokacin jira, wata 6 zuwa 12 kafin a yarda da babban aiki. Wasu takardu kuma sun ce haƙorin da ya fita kafin ka shiga, ba za a maye shi ba. Mafi nauyi ita ce iyakar shekara, wadda a Amurka ta kan kama daga dala 1,000 zuwa 2,000. Bari mu yi lissafi. A ce iyakar dala 1,500 ce, share fage dala 50, hular haƙori ɗaya kuwa dala 1,200. Mai ciwo ya biya 50, a raba 1,150 biyu, kamfani ya ba da 575, shi ya tashi da 625. In haƙora uku ne, watau dala 3,600, rabin da ya hau kan kamfani 1,775 ne, amma a 1,500 zai tsaya. Mai ciwo ya biya 2,100. Ashe ran da bukata ta fi girma, ran nan taimakon ya ke gazawa.

A Nijeriya haƙori ya kan zo ne a cikin inshorar lafiya gaba ɗaya. An kafa hukumar ƙasa da dokar 1999, ta soma aiki a 2005, dokar 2022 ta mai da ita NHIA. Jihohi kamar Kano da Kaduna su ma suna da nasu hukumomin. Tsarin ya fi kusa da iri na uku: ma'aikaci ya zaɓi asibiti guda, ana biyan asibitin bisa kai, aikin da ya fi ƙarfinsa kuma sai an tura shi gaba da lambar izini. Wanda ya tsallake wannan mataki ya kai kansa wurin likitan haƙori, da wuya a rama masa. A tsarin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya an rufe ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko uku lalle ya san da wannan tun wuri, gama sauran iyali sai an ƙara kuɗi a rubuta su. Ayyukan ado ba su ciki, watau faranta haƙori da dasa sabo. Mai sha'awar haƙorin Makka ma ya tanadi kuɗinsa.

A ganina, abin da ya kamata a fara tambaya ba farashi ba ne, nisa ne. Takarda mai araha wadda likitanta ke babban birnin jiha ba ta da amfani ga malamin makaranta na ƙauye, in kuɗin mota ya fi na cirewar. Bayan nisa sai a duba bakin mai shiga da na iyalinsa. Saurayi mai lafiyayyun haƙora, ƙaramin tsari ya ishe shi. Dattijon da ya san aiki na jiransa, shi ya dubi iyakar shekara da lokacin jira. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar kamfani ba saboda addini, ya tambayi masu takaful, gama tun 2013 hukumar inshora ta ƙasa ta fid da ƙa'idojinsa, ya kuma bincika ko tsarinsu ya haɗa da haƙori.

Ana roƙon malaman hakimai, in an kawo musu irin wannan takarda, su fara karanta wa mai ita shafin abubuwan da ba a biya, da Hausa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Galibi wannan shafi yana can wajen ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe.