Wa Ya Hana Masarar Busia Cin Taki?

Gyara zama, mai karatu, ga kacici-kacici. A Busia, can yammacin Kenya, an taɓa samun harkar da in ka zuba ɗari za ta jawo maka ribar kusan 70 a shekara, amma akasarin manoma suna ganinta suna wucewa. Ba wata wahala ba ce: rabin ƙaramin cokali na takin zamani a gindin kowace masara idan ta kai gwiwa. Me ya hana su?

Tun wajen shekarar 2000 masana tattalin arziki suka bi sawun lamarin: Esther Duflo ta jami'ar MIT, Michael Kremer da ke Harvard a lokacin, da Jonathan Robinson.

Takin aka fara zargi. Ƙila sai a gonar gwamnati yake abin kirki. Aka gwada shi a gonakin manoman kansu, riba ta fito ƙarara. Taki ya wanke kansa.

To, rashin sani ne? A'a. Tambaye su da kaka, kusan kowa zai ce maka bana kam sai ya zuba. Lokaci ya zo, gona ta ji shiru. Amsar akasarinsu ɗaya: babu kuɗi.

Talauci ke nan! Ni ma a nan na so in rufe shari'a. Amma dakata. Ana sayar da takin kilo-kilo, ba dole sai buhu ba. Kuma 'yan watanni baya, kuɗin yana aljihu. Ina ya shiga?

Sai aka ɗana tarko. Ana gama girbi, wani wakili ya buga wa wasu manoma sallama: biya yanzu, babu ragin ko sisi, a kawo maka har gida kyauta. Wasu kuma aka ƙyale su sai lokacin zuba taki, sannan aka yafe musu rabin farashi.

Wa zai fi saye?

Ka zaɓa?

Kusan kunnen doki aka yi. Masu biyan cikakken kuɗi da kaka, amfani da taki a cikinsu ya ƙaru da kashi 47 zuwa 70 cikin ɗari, bai gaza na masu rabin farashi ba. Ɓarawon ya bayyana, sunansa Gobe. Manomi yana da niyya, yana da kuɗi, amma zuwa kanti ɗawainiya ce, kuma shuka da saura. Gobe zan je. Kafin goben ta iso, ga rashin lafiya, ga baƙi, ga ɗan'uwa mai neman rance, kuɗin ya zurare kamar ruwa a kwando. Ba ƙarya ya yi ba da ya ce babu. Abin da ya taɓa zuciyata ke nan: an daɗe ana ɗora masa laifin taurin kai, alhali tazarar da ke tsakanin kaka da shuka ce ke cinye shi.

Binciken ya fito a 2011. Akwai sauran labari a cikinsa: da wakili ya daina zuwa ƙofa, manoman sun koma gidan jiya.