Ciwon Sukari na Masu Juna Biyu: Wahalhalun Kiyaye Ƙa'idar Abinci a Karkara

Ciwon sukari na masu juna biyu shi ne hauhawar sukari a jinin mace wadda ba ta da ciwon kafin ta sami ciki. Yana faruwa ne saboda wasu sinadarai da mabiyiya ke fitarwa suna rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jiki. Sau da yawa ba ya nuna wata alama, don haka ake gwada jini a wajen awo tsakanin mako na 24 da na 28. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2013, idan sukarin jinin mai ciki ya kai 5.1 da safe kafin ta ci komai, to tana da ciwon.

Idan aka yi sakaci, jariri yakan yi girma har ya wuce kilo 4, abin da ke jawo doguwar naƙuda ko tiyata. Uwa tana iya gamuwa da hawan jini, jariri kuma sukarinsa ya faɗi bayan haihuwa. Matakin farko na magani shi ne gyaran abinci da motsa jiki, sai dai bin wannan shawara yana da wuya a gidajenmu saboda dalilai kamar haka.

Na farko, yawancin cimarmu hatsi ce: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, kuma duk suna komawa sukari a jiki. Ba a ce mai ciki ta daina cin tuwo ba. Abin da ake nema shi ne ta rage malmala, ta yawaita miyar ganye irin su zogale, rama, alayyafo da kuɓewa, ta haɗa da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nono marar sukari. Gero da dawa da ba a surfe su sosai ba sun fi farar shinkafa da burodi.

Na biyu, tukunya ɗaya ake ɗorawa a gida, kuma maigida ne ke cefane. Matar da ke zaune da uwar miji ko abokiyar zama takan ji nauyin ware nata abincin. Maslaha a nan ita ce ta raba kasonta, ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon ta cika ciki sau biyu.

Na uku, akwai rashin fahimta. Wasu na cewa mai ciki cin mutum biyu take yi, wasu kuma da jin sunan ciwon sai su ƙaurace wa abinci, alhali yunwa na cutar da uwa da abin da ke cikinta. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake kira maganin zaƙi ba su maye gurbin gwajin asibiti. Zuma, rake, lemon kwalba, da zoɓo ko kunu mai sukari duk suna ɗaga sukarin jini da sauri. Game da azumin Ramadan, addini ya yi wa mai ciki rangwame, don haka ta nemi shawarar likita tukuna.

Idan abinci da tafiyar ƙafa ta kimanin minti 30 a kullum ba su wadatar ba, likita kan ba da ƙwayar magani ko allurar insulin. Wannan ba gazawar matar ba ce. Galibi sukarin yakan daidaita bayan haihuwa, amma ya kamata a sake gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12, domin ciwon na iya dawowa nan gaba.

Ana kira ga magidanta da su riƙa raka matansu awo su ji bayani da kunnensu. Haka kuma ana jan hankalin jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su tabbatar akwai na'urar gwajin sukari da kayan aikinta a cibiyoyin lafiya matakin farko, su kuma riƙa yin bayani da ludayi da kwanon da mata suka sani. Dagatai, masu unguwanni, limamai da unguwar zoma su ma suna da rawar takawa wajen isar da wannan saƙo lungu-lungu.