Babi na Tara: Igiyar Launi da Haihuwar Sababbin Ƙwayoyi

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Suwizalan da Faransa, daura da birnin Janiba, cibiyar bincike ta CERN tana da wata hanya mai kewayen kilomita 27, inda ake kora ƙwayoyin furoton ta fuska biyu har gudunsu ya kusanci na haske, sa'an nan a gwara su. Abin al'ajabi shi ne, ko da yake biyu ne suka yi karo, abin da na'urori ke ƙidayawa bayan karon gommai ne, wani lokaci fiye da ɗari. To, daga ina ƙarin ya fito?

Ka sani, ya mai karatu, furoton ba dunƙulalle ba ne. A cikinsa akwai kwak uku, waɗanda wasu ƙwayoyi da ake kira guluwon ke ɗaurewa, kuma kowannensu na ɗauke da wata sifa da malaman fannin suka yi ittifaƙin kira launi, alhali ido ba ya riskarta. Ƙarfin maganaɗisu yana raunana gwargwadon nisa, amma na launi ba haka sha'aninsa yake ba, domin idan karo ya fizge kwak daga 'yan'uwansa, sai ƙarfin da ke tsakaninsu ya tattaru ya miƙe kamar igiya, wadda janta ya kai misalin nauyin tan 16, ba ya raguwa kome nisan da aka yi.

Malaman Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Bo Andersson da Gösta Gustafson da almajiransu, su suka shimfiɗa wannan bayani a ƙarshen shekarun 1970. Igiyar nan, yayin da ta miƙe har makamashin da ta tara ya isa, sai ta tsinke, makamashin ya rikiɗa ya zama sabon kwak da kishiyarsa, ɗaya a kowane bakin tsinkewar. Haka za ta yi ta gutsurewa, kowane guntu yana zama ƙwaya mai zaman kanta. Wannan ne sababin da ya sa ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba.

Lissafin da Julian Schwinger ya yi a 1951 game da wutar lantarki, da aka yi ƙiyasi da shi a nan, ya hukunta cewa kwak mai nauyi ya fi wuyar samuwa. Saboda haka wanda ake kira baƙon kwak, da yake yana da nauyi, ba ya fitowa sai kaɗan. Amma idan igiyoyi da yawa suka haɗu a wuri ɗaya suka tufku, jansu ya ƙaru, sai wuyar ta ragu. A 2017 ayarin masu binciken ALICE na CERN ya bayyana cewa karon furoton da ya fi yawan ƙwayoyi shi ya fi yawan rabon masu baƙon kwak, abin da a da aka sani a karon cibiyoyin ƙwayoyin zarra na dalma. Ko tufkar igiyoyi ce sanadi, ko narkewar kwak da guluwon wuri ɗaya, mas'ala ce da malamai ke saɓani a kanta har yanzu.