Ƙunshin Kati Ko Tikitin Caca? Lissafin Da Ke Bayan Wasan Splinterlands

Matasan da suka shafe watanni a shekarar 2024 suna dangwalar wayoyinsu a Hamster Kombat sun san ma'anar ɗaga darajar kati: a zuba abin da aka tara yau domin a samu ƙarin riba gobe. A can, lokaci da data ne galibin abin da aka kashe. Akwai kuma wasu wasannin da ake ɗaga katin da dala, kuma sa'a ce ke yanke abin da mutum zai samu. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a wannan fage shi ne Splinterlands, wanda lissafinsa ke nuna yadda aka gina wannan kasuwa gaba ɗaya.

Mene ne wasan?

Wasu Amurkawa biyu, Matthew Rosen da Jesse Reich, suka ƙirƙiro shi a 2018 da sunan Steem Monsters. A 2020 ya koma kan Hive, wani bulokcen, wato kundin ajiyar bayanai na intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, ta yadda ba a iya goge abin da aka rubuta. Ɗan wasa yana jera katunan mayaƙa ƙarƙashin katin jagora guda, ya kara da wani ɗan wasan. Wanda ya yi nasara yana samun lada. Ana iya sayar da katunan, ko a bayar da su haya, ko a ƙona su a karɓi kuɗin cikin wasan mai suna DEC. A 2021, kafin a fara cin lada, sai an biya dala 10 kuɗin shiga.

Katunan aji huɗu ne bisa ƙarancinsu: gama-gari, mai ƙaranci, zaɓaɓɓe, sai gwarzo wanda ya fi kowane wuyar samu. Kowane aji kuma yana da nau'in da aka yi wa ruwan zinare, mai tsada ƙwarai.

Abin da sa'a ke bayarwa

Ana sayen katuna cikin ƙunshi mai guda biyar, ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A jerin Chaos Legion da ya fito a ƙarshen 2021, an tanadi ƙunshi miliyan 15, kowane a kan dala 4. Kamfanin bai ɓoye alƙaluman ba: damar kati ya zama gama-gari kashi 75.2 cikin ɗari ce, mai ƙaranci kashi 20, zaɓaɓɓe kashi 4, gwarzo kuma kashi 0.8. Damar samun ruwan zinare kashi 2 ce.

Idan aka mayar da waɗannan alƙaluma kuɗi, hoton ya sauya. Kashi 0.8 na nufin gwarzo ɗaya cikin kati 125, wato ƙunshi 25, wato dala 100. Gwarzo mai ruwan zinare kuwa yana fitowa sau ɗaya cikin kati 6,250, daidai da ƙunshi 1,250 ko dala 5,000. Wannan ma matsakaicin lissafi ne. Mutum na iya buɗe ƙunshi 25 bai ga gwarzo ko ɗaya ba, kuma hakan na faruwa ga fiye da mutum ɗaya cikin uku. Ƙunshi na 26 bai san an yi asara a baya ba. Damarsa daidai take da ta farko.

Wasan yana sayar da wasu kwalabe da ke ninka damar samun gwarzo ko zinare, kwalba ɗaya ga kowane kati. Ninki biyu na kashi 0.8 shi ne kashi 1.6. Har yanzu fiye da kati 98 cikin ɗari ba gwarzo ba ne, sai dai kuɗin buɗe ƙunshin ya ƙaru.

Tsanin da ke ƙara tsawo

Kati ɗaya ba shi da ƙarfin kirki. Ana ƙara masa ƙarfi ta hanyar haɗe kwafi da yawa na kati iri ɗaya su zama guda. A jerin Chaos Legion, gama-gari yana buƙatar kwafi 400 kafin ya kai matakin ƙoli na 10. Mai ƙaranci yana buƙatar 115, zaɓaɓɓe 46, gwarzo 11.

Matakan ba su da tsada ɗaya. Gama-gari yana kai mataki na 5 da kwafi 60, wato rabin tsanin da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin. Amma daga mataki na 9 zuwa na 10 kaɗai sai an ƙara kwafi 100, adadin da ya isa a kai sabon kati mataki na 6. Sannan haɗewar ba ta warwaruwa. Wanda ya narkar da kati 400 ba zai iya raba su ya sayar ɗaya-ɗaya ba, dole ya jira mai sayen babban kati, kuma irin waɗannan masu saye ba su da yawa.

Daga nan ne dabarun gogaggun 'yan wasa suka samo asali. Na farko, sayen ainihin katin da ake so a kasuwa ya fi dogaro da ƙunshi, domin tara gwarzo 11 ta ƙunshi zai ci kimanin dala 1,100, kuma ba lalle su zama iri ɗaya ba. Na biyu, ana fara ɗaga katin jagora, saboda matakinsa ne ke iyakance ƙarfin mayaƙan da ke ƙarƙashinsa. Na uku, ana tsayawa a matakin da kati ke samun sabuwar baiwa, ba a bin ƙoli don kawai ƙoli ne. Na huɗu, haya tana bai wa mutum damar gwada kati kafin ya ɗaure kuɗinsa. Dukkan dabarun suna komawa ga abu guda: rage hannun sa'a a cikin lamarin.

Mallaka ba daraja ba ce

Alkawarin bulokcen shi ne kati naka ne. Kundin yana iya tabbatar da hakan, amma ba ya tabbatar da cewa katin zai ci gaba da daraja. Duk sabon jerin katuna yana rage kasuwar tsofaffi. A 2023 an mayar da sababbin katunan lada waɗanda ba a iya sayarwa. Kuɗin kirifto na wasan, SPS, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2021, ya zubar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na farashinsa na ƙoli. Haka ya faru da kuɗin ladan Axie Infinity a 2022, bayan mutane da yawa a Filifin sun mayar da wasan sana'a.

Akwai kuma batun mulki. Masu riƙe da SPS suna jefa ƙuri'a kan sauye-sauyen wasan, amma nauyin ƙuri'a gwargwadon abin da mutum ya ajiye ne. Mai ƙaramin jari yana da murya, sai dai manya ke yanke hukunci.

Wa ke sa ido?

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban kan ladan da ake saye a rufe. Japan ta haramta wani nau'insa a 2012. Sin ta wajabta bayyana alƙaluman dama a 2017. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana shi a matsayin caca a 2018. A Janairun 2024, Koriya ta Kudu ta ci kamfanin Nexon tarar won biliyan 11.6 saboda rage damar samun wasu kayayyaki a wasan MapleStory ba tare da sanar da 'yan wasa ba.

A Najeriya, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005 a Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC. Ƙunshin kati yana tsaye a tsakanin biyun: ana sayensa kamar tikitin caca, ana sayar da abin da ke ciki kamar hannun jari, kamfanin kuma yana ƙetare. Matashin da ya yi asara daga Kano ko Kaduna zai sha wuya kafin ya gano ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Har zuwa lokacin da majalisun jihohi da SEC za su fayyace wanda ke da alhakin, kariyar da ta rage ita ce lissafi. Kafin a taɓa maɓallin saye, a raba ɗari da kason da aka nuna, a ga kati nawa za a buɗe, a mayar da shi naira, sannan a tambayi kai ko za a iya haƙura da wannan kuɗin idan bai dawo ba.