Bayan hunturu: Yadda za ka gane ko shukar gidanka ta mutu ko hutawa take yi

A ƙarshen watan Fabrairu, idan hazo ya fara janyewa daga sararin Kano, tsakar gidaje da dama a Rijiyar Lemo da Fagge da Sabon Gari kan yi kama da juna: lemon tsami ya zubar da rabin ganyensa, zogale ya koma sanda, furen da aka sayo a bakin titi ya bushe ƙayau a cikin tukunya.

Abin da yawancin masu gida ke yi shi ne su tumɓuke su kai bola, su jira damina su sayi wata. Sai dai da yawa daga cikin shuke-shuken nan da ransu ake zubar da su, bayan sun shekara biyu ko uku suna shan ruwan da ake saye a wurin 'yan garuwa.

Gwajin da bai wuce na minti biyar ba ya isa ya raba gardama.

Me hunturu ke yi wa shuka?

Iskar hunturu na kaɗowa ne daga arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa.

A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, ya haura kusan 30 da rana. Danshin iska kuwa yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Wannan sanyi bai kai ya daskarar da ruwa ba, don haka ba shi da kansa ke kashe shuka a nan ba. Abubuwa uku ne suka fi yin ɓarna.

Na farko bushewar iska, wadda ke zuƙe ruwan ganye da sauri fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa. Na biyu ƙura, da ke lulluɓe ganye ta tare masa hasken rana. Na uku kuma hannun mai shukar ne: da ya ga ganye ya yi yaushi sai ya yi ta tuttula ruwa, alhali a lokacin sanyi shuka ba ta sha da yawa. Idan tukunyar ba ta da ƙofar fitar ruwa, saiwa ce ke ruɓewa.

Manoman rani na Kwakwaci da sauran fadamun bakin Jakara shaida ne cewa sanyin Kano ba abokin gaban shuka ba ne, domin a wannan lokaci latas da kabeji da karas suka fi yi musu kyau.

Darasi daga ƙasashen ƙanƙara

Masu lambu a Ingila na fuskantar irin wannan tambaya duk shekara a kan wani fure mai yaɗo da ake kira clematis, wanda ke hawa katanga kamar yadda soso ke yi a nan. Da yawa daga nau'o'insa kan zubar da ganye gaba ɗaya lokacin sanyi, su koma kamar busasshiyar igiya.

Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, Royal Horticultural Society, wadda aka kafa a 1804, ta kasa furen gida uku wajen sassabe. Rukuni na uku a watan Fabrairu ake datse shi, a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, daidai saman idon toho mai lafiya. Daga wannan kututture yake sake yaɗuwa ya yi fure a shekarar.

Wato a can ma ba a yanke wa shuka hukunci da ganin saman jikinta. Ana sunkuyawa ne a nemi alamar rai a ƙasa.

Gwaji biyar da za ka yi da hannunka

1. Kankare ɓawo. Sa farce ko bakin wuƙa ka ɗan kankare bayan reshe. Idan ka ga kore mai danshi, reshen da ransa. Idan ruwan ƙasa ne a bushe, matsa ƙasa kaɗan ka sake gwadawa, har ka kai gindi.

2. Lanƙwasa ƙaramin reshe. Mai rai yakan tanƙwaru, matacce kuwa karyewa yake yi ƙas.

3. Nemi idon toho. Duba gaɓoɓin da ganye ya faɗo. Ɗan kumburi kore ko jaja-jaja alama ce cewa sabon ganye na hanya.

4. Duba saiwa. Idan a tukunya ko leda take, zare ta a hankali da ƙasarta. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, kuma da ƙwarinta. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ta ruɓe.

5. Duba ƙwari. Idan ka ga ginin ƙasa ya hau gindin shukar, gara ce. Juya bayan ganye kuma, domin ƙura da bushewa na jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu yin yana kamar ta gizo-gizo, da wasu farare masu kama da auduga.

Matuƙar gindi kore ne kuma saiwa na da ƙwari, shukar ba ta mutu ba, ko da babu ganye ko ɗaya a jikinta.

Kowace shuka da halinta

Zogale da kuka zubar da ganye al'adarsu ce a rani, hanya ce ta tattalin ruwa. Haka ma furen frangipani mai ƙamshi da ake shukawa a ƙofar gidaje, wanda kan tsaya da rassa tsirara. Darbejiya takan kakkaɓe tsohon ganye a ƙarshen hunturu, ta fitar da sabo ba da daɗewa ba.

Gawo ne ya saɓa wa kowa, shi da rani yake kore, da damina ya zubar.

Mangwaro kuwa a wannan lokaci yake fure, don haka kada a kai masa adda sai bayan an tsinke 'ya'yansa. Furen bougainvillea da ke lulluɓe katangu shi ma ya fi yin ado a rani, kuma yawan ruwa na rage masa fure.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu son danshi, irin su gwanda da ayaba da furen ixora da ƙananan dashen lemo. Ko ayabar da iska ta yayyaga ganyenta, idan tsakiyarta na fitar da sabon ganye a naɗe, tana nan lafiya.

Idan da ranta, sai me?

Datse matattun rassa da wuƙa mai kaifi, ka tsaya daidai inda kore ya fara. Wanke ganyen da ya rage da ruwa, sama da ƙasa, da sassafe.

Ba ta ruwa ya ratsa ƙasa sosai, sannan ka bari sai saman ƙasar ya sha iska kafin ka ƙara. Tsoma yatsa shi ne ma'auni. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko kayan miya duk suna yi, amma a guji ruwan wanki mai omo ko bilic.

Rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa domin riƙe danshi, amma ka bar ɗan fili tsakaninsu da jikin shukar saboda gara.

Kada ka yi gaggawar zuba takin zamani ko ɗanyen kashin kaji, suna ƙona saiwar da ta galabaita. Jira sai sabon ganye ya fito, sannan ka sa tsohon takin gida da ya huce.

Daga nan sai haƙuri. Ba ta mako biyu zuwa uku. Idan har lokacin babu toho kuma gindin ya bushe har ƙasa, to a cire, a daina asarar ruwa.

Zafi na tafe

Dalilin da ya sa bai kamata a jinkirta wannan dubawa ba shi ne bazara. Daga tsakiyar Maris zafi ke tashi, a Afrilu kuma yakan kai digiri 40 a Kano, yayin da ruwan sama ba ya kankama sai wajen Yuni. Shukar da ta fito daga hunturu a raunane, wannan zafin ne ke ƙarasa ta.

Saboda haka a ɗauke tukwane daga kan siminti da jikin katangar da rana ke duka da yamma, a mayar da su inda suke samun hasken safe kawai. Baƙar ledar da ake sayar da dashe a ciki tana ɗaukar zafi sosai, gara a saka ta cikin tukunyar ƙasa. Sauya wa shuka wuri ko sabon dashe kuma a bari sai ruwa ya sauka.

A unguwanni masu cunkoso irin Rijiyar Lemo, inda gida ke manne da gida kuma siminti ya cinye fili, bishiya ɗaya a tsakar gida ita ce inuwar yara da rana, ita ce ganyen kwaɗo da lemon kunu. Wadda aka sayo yau sai ta ɗauki shekaru kafin ta kai matsayin wadda ake shirin tumɓukewa. Kafin a ɗauko fartanya, a fara sa farce.